RA'AYINMU: In An Kwashe Kuɗi Daga Asusu, Wa Zai Biya?

Da wuya yanzu a shiga wata unguwa ko wani ƙauye a ƙasar nan a rasa wanda aka taɓa kwashe wa kuɗi daga asusunsa na banki, ko kuwa wanda ya san wani da abin ya sama. Ko malamin makaranta ne, ko ɗan fansho, ko mai sayar da hatsi, ko ma'ajiyar wata ƙungiyar mata, labarin kusan iri ɗaya ne. Waya ta yi ƙara, wani mai murya mai ladabi ya ce daga banki yake, ya kira mutum da cikakken sunansa, ya ce za a rufe asusu kafin yamma in ba a gyara lambar BVN ba. Kafin a sha ruwa kuɗi sun tafi. Kashegari mutum ya yi sammako zuwa reshen banki, ya bi layi, a ba shi takarda ya cika. Bayan mako biyu ko uku a faɗa masa cewa bincike ya nuna an yi amfani da lambarsa ta sirri daidai, saboda haka banki ba shi da alhaki, sai dai ya yi haƙuri.

Mu dai a namu ganin wannan amsa ba ta isa ba, kuma lokaci ya yi da za a daina karɓarta. Bankin da ya karɓi kuɗin mutane shi ya kamata ya fara ɗaukar asarar sa'ad da ɓarawo ya shiga ta ƙofar da bankin ya gina da hannunsa. In kuwa bankin yana ganin mai asusu ne ya yi sakaci, to, shi ya kawo shaida. Yadda abin yake a yau, an juya maganar ne kanta ƙasa, an ɗora wa wanda aka cuta nauyin da ba ya iya ɗauka.

Abin ba ƙarami ba ne. Kamfanin NIBSS, wanda ta hanyarsa kuɗi suke bi daga wannan banki zuwa wancan, yakan tattara rahotannin zamba da bankuna suke kai masa. Lissafinsa ya nuna an yi asarar fiye da naira biliyan 17 a shekarar 2023, a 2024 kuwa asarar ta haura naira biliyan 52. Wannan fa abin da aka rubuta ne kawai. Matar da aka cire wa naira dubu 30 ta yi kuka ta share hawayenta ba ta je ko'ina ba, domin kuɗin mota zuwa reshen banki mafi kusa da ita ya kusa rabin abin da aka sace, ba ta cikin wannan lissafi.

Sai mu tuna yadda aka yi muka iso nan. Talaka bai roƙi kowa a mai da kuɗinsa cikin waya ba. A 2011 aka kafa tsarin tura kuɗi nan take tsakanin bankuna. A 2012 Babban Bankin Nijeriya ya soma shirin rage amfani da takardun kuɗi, ya fara da Legas kafin ya bazu zuwa sauran jihohi, aka sa tara a kan wanda ya ciri tsabar kuɗi fiye da ƙima. A 2014 aka kawo BVN, aka ce kowa ya je a ɗauki hoton yatsunsa da na fuskarsa domin a toshe hanyar ɓarayi. Sa'an nan ga abin da babu wanda ya manta da shi, wato canjin takardun naira 200 da 500 da 1,000 da aka sanar a watan Oktoba na 2022 a zamanin Godwin Emefiele. A watannin farko na 2023 mutane sun kwana a bakin na'urorin ATM, tsofaffin da ba su taɓa tura ko kwabo ta waya ba aka tilasta musu su koya cikin mako guda, in ba haka ba su kwana da yunwa. Bankuna kuwa sun ji daɗin wannan tsari, gama na'ura ba ta karɓar albashi, ba ta zuwa hutu, layi kuma ya ragu a zaurensu.

Ba kyauta suke yin aikin ba kuma. Jadawalin kuɗin hidima da ya fara aiki a farkon 2020 ya ba su dama su cire naira 10, ko 25, ko 50 a kan kowace turawa bisa ga yawan kuɗin, ban da kuɗin kula da kati, da kuɗin saƙon alat, da sauransu. Ƙananan kuɗi ne a idon mutum ɗaya, amma a tara su daga miliyoyin mutane kowace rana a ga. Hausawa sun ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ba daidai ba ne banki ya riƙa cin ribar hanya muddin ana tafiya lafiya, ranar da 'yan fashi suka tare ta kuma ya ce hanyar ta matafiyi ce.

Akwai wata tsohuwar ƙa'ida ta shari'ar banki da mutane da yawa ba su sani ba, wadda ta kamata ta zama tushen wannan magana. Mukan ce mun kai kuɗi ajiya, amma a idon doka ba ajiya ba ce irin ta buhun dawa da aka bari a rumbun maƙwabci. Tun a 1848 babbar kotun Ingila ta yanke cewa kuɗin da aka sa a banki sun zama na banki, yana juya su yadda ya ga dama, shi kuwa mai asusu yana bin banki bashi ne. Kotunan Nijeriya ma a kan wannan fahimta suke tafiya. To, in wani yana riƙe da bashinka, sai wani can ya zo ya ce kai ne ka aiko shi, ya karɓi kuɗin ya gudu, bashinka ya faɗi ke nan? Ko yaro ya san bai faɗi ba. Shi ya sa a zamanin da cek ne hanyar cirar kuɗi, in ɓarawo ya kwaikwayi sa hannun mai asusu banki ya biya, doka ba ta yarda banki ya cire kuɗin daga asusun ba, ko da kwaikwayon ya yi kyau ƙwarai. Asarar ta banki ce, domin aikinsa ne ya san sa hannun abokin hulɗarsa. Abin da ya faru da zuwan waya da intanet shi ne, an maye gurbin sa hannu da lamba huɗu, aka kuma yi amfani da wannan canji aka sauke nauyin daga kan banki a hankali, ba tare da an yi shawara da kowa ba.

Domin a fahimci inda gardamar take, ya kamata a rarrabe satar gida biyu. Ta farko ita ce wadda mai asusu bai ba da umarnin komai ba. An sace wayarsa an shiga asusu ta lambobin da ake dannawa, ko an je an karɓi sabon sim da sunansa alhali nasa yana aljihunsa, ko an aiko masa da saƙon tarko mai kama da na banki, ya taɓa adireshin da ke ciki, ya faɗa wani shafi da aka zana shi daidai da na bankinsa, ya rubuta lambobinsa yana zaton da bankinsa yake magana. Ɓarawo ne ya tura kuɗin da kansa. Ta biyu ita ce wadda aka ruɗi mutum har ya tura kuɗin da hannunsa, ko don an ce masa asusunsa yana cikin hatsari ya mai da kuɗin wani wuri, ko don an yi masa alkawarin aiki, ko taki mai rahusa, ko tallafin gwamnati. Bankuna sukan haɗa duka biyun su ba da amsa ɗaya, cewa lamba ta yi daidai. Amma lamba ta yi daidai ba ta nuna wanda ya danna ta ba.

Yanzu ga abin da dokarmu ta ce. Dokar hana laifuffukan intanet, wadda Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a 2015, ta tanadi ɗaurin shekara 3 ko tarar naira miliyan 1, ko duka biyu, ga mai ɗana irin wannan tarko. Wannan ya yi kyau, in an kama shi. Amma a sashe na 19 na dokar akwai wata magana da ta kamata kowane mai asusu ya sani. Sashen ya ce wajibi ne bankuna su kafa matakan hana zamba domin kare bayanan abokan hulɗarsu, sai kuma ya ƙara da cewa in an keta tsaron, mai asusu ne zai tabbatar da cewa bankin ya yi sakaci, wato akwai abin da ya kamata ya yi bai yi ba. Da hannun dama aka ba da kariya, da na hagu aka karɓe.

Mu tambayi kanmu, da me mai asusu zai tabbatar da wannan? Dukan shaidar tana cikin kwamfutocin banki. Banki ne ya san daga wace waya aka shiga asusun, da ƙarfe nawa, daga wane gari, ko wayar sabuwa ce da ba a taɓa gani ba, ko an yi ta gwada lamba ana kuskure kafin a dace. Banki ne ya san cewa wannan tsoho shekara goma bai taɓa tura fiye da naira dubu 20 a rana ba, amma a dare ɗaya, da ƙarfe biyu, aka tura dukan kuɗin sallamarsa zuwa asusai biyar da aka buɗe a makon jiya. Banki ne ya san wane ma'aikacinsa ya duba bayanan asusun kwana uku kafin a kira shi. Shi tsohon abin da yake da shi duka shi ne saƙon alat, wani lokaci ma alat ɗin ba ya zuwa sai bayan an gama. A ce masa ya ɗauki lauya ya je kotu ya nuna inda kwamfutar banki ta gaza, daidai yake da a ce masa ya tafi gida.

An yi wa wannan doka gyara a 2024, amma sashen nan an bar shi yadda yake. Abin da jama'a suka gani daga gyaran shi ne harajin tsaron intanet na rabin kashi ɗaya cikin ɗari, wanda Babban Banki ya umarci bankuna a watan Mayu na shekarar su fara cirewa daga kuɗin da ake turawa, sai da aka yi ta kuka kafin a janye umarnin cikin 'yan makonni. Ashe in maganar karɓa daga hannun talaka ce, ana iya gama doka da takardar umarni da sauri.

Akwai kuma wani mai alhaki da ba a cika ambatonsa ba, wato bankin da kuɗin sata suka sauka a cikinsa. Kuɗin da aka tura ta waya ba sa tashi sama. Suna sauka ne a wani asusu mai suna, mai lamba, wanda wani banki ko wani kamfanin kuɗi na waya ya buɗe, wanda kuma doka ta ce sai an san mai shi kafin a buɗe. In an bi sawu aka tarar sunan na mamaci ne, ko na wani ɗalibi da aka ba naira dubu 5 ya ba da aron asusunsa, ko na mutumin da bai ma san an buɗe asusu da sunansa ba, laifin wa ke nan? A watan Disamba na 2023 Babban Banki ya umarta a haɗa ƙananan asusai da BVN ko NIN, a watan Afrilu na 2024 kuma ya dakatar da wasu manyan kamfanonin kuɗi na waya daga ɗaukar sababbin abokan hulɗa na ɗan lokaci. Wannan kaɗai ya isa shaida cewa hukuma ta san ana buɗe asusu barkatai. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Bankin da ya buɗe wa ɓarawo rumbu ba zai ce shi ba ruwansa ba.

Game da yadda mai kiran waya yake sanin cikakken sunan mutum, da ranar haihuwarsa, da bankinsa, wani lokaci har da abin da ya rage a asusunsa, ba za mu ce kullum daga cikin banki labarin yake fita ba, gama akwai hanyoyi da yawa. Amma rahotannin shekara shekara na hukumar NDIC sun daɗe suna ƙunshe da yawan ma'aikatan banki da aka samu da hannu cikin zamba. Sai da ɗan gari akan ci gari.

Wani zai ce ai abin da muke nema mafarki ne. To, bari mu duba abin da ya faru a wasu ƙasashe. A Singafo, a watan Disamba na 2021, 'yan damfara suka aika wa abokan hulɗar bankin OCBC saƙonnin tarko waɗanda suka riƙa shiga waya a jere ɗaya da saƙonnin bankin na gaskiya, har mai hankali ma ba ya iya bambantawa. Mutum 790 suka faɗa, aka kwashe dalar Singafo miliyan 13.7. Da jama'a suka tashi, bankin ya biya kowa kuɗinsa cif, ko da yake ya kira biyan kyautatawa ne kawai. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. A watan Janairu na 2022 hukumar kuɗin ƙasar da ƙungiyar bankuna suka sanar cewa bankuna za su daina sa adireshin da ake taɓawa a cikin saƙonninsu, kuma in an ɗora asusu a kan sabuwar waya sai an jira aƙalla awa 12 kafin makullin tsaronta ya fara aiki. Waɗannan matakai ba sababbin dabaru ba ne da aka gano a wannan wata. Ana iya yinsu tun da daɗewa, ba a yi ba sai da asara ta taɓa aljihun banki. A watan Disamba na 2024 kuma ƙasar ta fara aiki da tsarin raba alhaki, inda ake fara duba ko banki ya cika wajibinsa, sa'an nan kamfanin waya, kafin a zo kan mai asusu.

Indiya ta fi kama da mu wajen yawan jama'a da yawan waɗanda suka shiga banki ta waya ba da daɗewa ba. A watan Yuli na 2017 babban bankinta ya ba da umarni cewa in laifin daga banki yake, ko daga wani wuri dabam a cikin tsarin, mai asusu kuma ya kai ƙara cikin kwana 3 na aiki, ba zai yi asarar komai ba, kuma a mayar masa da kuɗin cikin kwana 10 na aiki. Umarnin bai yafe wa mai sakaci ba. Wanda ya ba da lambarsa da kansa shi zai ɗauki asarar har zuwa lokacin da ya sanar da banki, duk abin da aka cire bayan nan kuwa na banki ne. Amma babban abin shi ne, umarnin ya faɗa a fili cewa banki ne zai tabbatar da laifin mai asusu. Amurka kuwa tun 1978 ta yi doka cewa wanda katinsa ya ɓata ya kuma sanar cikin kwana 2 na aiki, asararsa ba za ta wuce dala 50 ba.

Labarin Ingila ya fi koyarwa, domin daga can muka gaji dokar bankinmu. A 2018 wasu 'yan damfara suka ruɗi wata mata da mijinta, suka ce su jami'an hukuma ne masu binciken zamba, har matar ta je banki da ƙafarta ta tura fam 700,000 zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Ta kai bankin Barclays ƙara cewa ya kamata ya lura ya tsayar da ita. A watan Yuli na 2023 Kotun Ƙoli ta ce a'a, tun da ita ce ta ba da umarni a fili, aikin banki shi ne ya cika umarnin. Sai dai alƙalan sun ƙara da cewa tambayar ko ya kamata bankuna su riƙa biyan irin waɗannan mutane ba ta kotu ba ce, ta majalisa ce da hukumomin da ke kula da bankuna. Majalisar kuwa ta riga ta ɗauki matakin a wata doka ta wannan shekarar. Daga ranar 7 ga Oktoba, 2024, aka wajabta wa bankunan ƙasar su mayar wa wanda aka ruɗa ya tura kuɗi a cikin gida abin da ya kai fam 85,000, bisa ga al'ada cikin kwana 5 na aiki, kuma bankin da ya tura da bankin da ya karɓa su raba asarar biyu daidai. Banki yana iya ƙin biya in ya nuna mai asusu ya yi ganganci mai tsanani, amma ba a yarda a yi amfani da wannan hujja a kan masu rauni ba. Darasin da ke ciki a gare mu shi ne kada mu zauna muna jiran kotu. Alƙali da dokar da aka ba shi yake aiki.

Mun san akwai masu ja da wannan ra'ayi, kuma ba duka maganarsu ce banza ba. Suna cewa in mutane sun san za a biya su, za su daina kula da lambobinsu. Suna cewa a ƙasa irin tamu wasu za su haɗa baki da abokansu, a tura kuɗi a ɓoye, sa'an nan a zo ana kukan ƙarya domin a ci biyu. Wannan na biyun gaskiya ne, zai faru, kada mu ruɗi kanmu. Amma wa ya fi iya gano shi? Bankin da yake ganin inda kuɗin suka bi, da wanda ya cire su, da dangantakar da ke tsakanin asusai biyun. In ya kama mai kukan ƙarya, ga 'yan sanda, ga EFCC, ya miƙa shi. Ba a hana mutum ɗari hakkinsu domin tsoron maƙaryaci ɗaya. Maganar daina kula kuwa, wanda ya taɓa kwana bai runtsa ba domin kuɗin makarantar 'ya'yansa sun ɓace ya san babu mai neman wannan da gangan don an ce za a biya shi bayan bincike.

Mu ma ba mu ce a biya kowa ba. Wanda ya rubuta lambarsa a bayan kati, ko ya miƙa wa mai POS kati ya kuma faɗa masa lamba da ƙarfi a tsakiyar kasuwa, ko wanda ma'aikacin banki ya tsayar da shi ya gargaɗe shi a fili amma ya nace, ya kamata ya ɗauki rabonsa na asarar. Haka kuma wanda kwaɗayi ya ja shi ya kai kuɗinsa wurin masu alkawarin ninkawa cikin wata guda, wannan wata magana ce dabam. Abin da muka ƙi shi ne a kira kowane ruɗi sakaci.

A nan Arewa kuwa akwai wani abu ƙari. Bankuna sukan ce ai mun gargaɗe ku, muna aiko da saƙo kullum cewa kada a ba kowa lambar sirri. Da wane harshe? Takardar buɗe asusu da Turanci take, da ƙananan haruffan da ko mai digiri ba ya karantawa. Saƙon gargaɗi da Turanci. In an kira lambar kai ƙara, na'ura ce take amsawa da Turanci ta ce a danna ɗaya a danna biyu, katin waya yana ƙarewa. Ɗan damfara kuwa da Hausa tsantsa yake magana, ya gaishe ka, ya tambayi iyali, ya ce maka Baba ko Mama. Ɓarawo ya ɗauki wahalar koyon harshen mai asusu, bankin da yake riƙe da kuɗinsa bai ɗauka ba. Gargaɗin da mutum ba ya iya karantawa bai kamata a kafa hujja da shi a kansa ba.

Ba za mu ce Babban Banki bai yi komai ba. A 2015 ya umarci kowane banki ya kafa teburin karɓar ƙarar zamba mai aiki dare da rana, mai ikon tsayar da asusun da aka kai ƙara a kansa. A 2018 ya sa iyakar naira 100,000 a rana ga kuɗin da ake turawa ta lambobin dannawa, ya ce abin da ya wuce naira 20,000 sai da tabbaci na biyu. A 2019 ya fitar da ƙa'idojin kare masu hulɗa da bankuna. A ƙarshen 2025 kuma ya fitar da daftarin ƙa'idoji a kan waɗanda aka ruɗa suka tura kuɗi da hannunsu, wanda ya tanadi mayar da kuɗi bayan bincike. Muna yaba wannan. Amma takardar umarni ba ta fi dokar majalisa ƙarfi ba. Muddin sashe na 19 yana nan, lauyan banki yana da wurin fakewa. Kada kuma wani ya ɗauka inshorar NDIC, wadda aka ɗaga zuwa naira miliyan 5 a 2024, ta shafi wannan. Ita tana aiki ne in banki ya rushe, kamar yadda aka gani da aka soke lasisin bankin Heritage a watan Yuni na wannan shekarar. Ba ta biyan wanda ɓarawo ya kwashe wa asusu.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Tarayya, musamman wakilanmu na jihohin Arewa waɗanda mutanensu ne suka fi shan wannan wuya, su gyara sashen nan, a mai da nauyin kawo shaida kan banki. A rubuta cikin doka cewa kuɗin da aka cire ba da umarnin mai asusu ba za a mayar da su cikin kwanaki ƙayyadaddu, bincike ya biyo baya, kuma bankin da ya karɓi kuɗin sata ya ɗauki rabin asarar. Kamfanin wayar da ya ba baƙo layin wani ba tare da bincike ba shi ma a sa shi cikin masu biya, tun da an wahalar da jama'a tun daga ƙarshen 2020 wajen haɗa layi da NIN domin a hana wannan ɗin. Muna kuma roƙon Babban Banki ya riƙa buga wa jama'a, banki bayan banki, ƙara nawa aka kai, nawa aka biya, nawa aka ƙi, domin mutum ya san inda zai kai kuɗinsa.

Kafin a kai ga haka, 'yan'uwa, sai mu yi amfani da ɗan abin da muke da shi. Babu ma'aikacin banki na gaskiya da zai nemi lambarka ta sirri ko lambar da aka turo maka ta waya, duk wanda ya nema a kashe wayar. Kowa ya tambayi bankinsa lambar da ake dannawa a rufe asusu daga kowace waya, ya rubuta ta a wani wuri dabam, ya koya wa iyayensa. In abin ya riga ya faru, mintoci ne suke da daraja, a kira banki nan take, kada a jira gari ya waye, domin ana iya tsayar da kuɗin kafin a cire su daga asusun da suka sauka. Sa'an nan a je a rubuta ƙara, a karɓi lambar ƙarar, a sa su buga hatimi da kwanan wata a kan kwafin da za a riƙe. In mako biyu ya wuce babu gamsasshiyar amsa, mai asusu yana da dama ya kai maganar sashen kare masu hulɗa da bankuna na Babban Banki, ta wasiƙa ko ta reshensa da ke babban birnin jiha, ya haɗa da kwafin ƙarar farko da amsar da banki ya ba shi. Wanda ba ya iya rubutu ya nemi wani amintacce ya rubuta masa, amma ko shi kada a faɗa masa lambar sirri.